Layar da Na Ɗinka a Wuyan Kakin Surukina

Wawan wannan labari dai ni ne, gara in faɗa da bakina kafin matata Hajiya ta riga ni.

Ni tela ne a Ruwais, nan ƙasar Larabawa. Karatuna bai kai ya kawo ba, amma in ana maganar tarihin rundunar nan ta sojan sama 'yan ko-ta-kwana, malamin jami'a ma sai ya zauna a tabarmata, domin ni na ɗinka musu bajo, wato tambarin da ake liƙawa a kaki, tun farkonsu. Mutane ne masu sana'arsu, wani malamin makaranta, wani kanikanci yake yi. Sai an buƙaci a kai sojoji na musamman wani wuri da ba a faɗi, ko a ɗauko su, sannan a kira su, su ajiye alli da sifana su sa kaki. Bajonsu na fari tsohon jirgin kaya ne mai farfela. Da aka ba su masu saukar ungulu aka sauya, daga baya aka ƙara laimar sauka. Kowanne na ajiye guda a gwangwanin alewa. Ban taɓa shiga jirginsu ba, amma a majalisa cewa nake "mu 'yan runduna", kuma ba mai musa mini sai Hajiya.

Mijin 'yata ta biyu ya shiga cikinsu. Shi ke tsayawa a ƙofar jirgi yana sallamar masu tsalle. Da aka ce za su tafi atisaye mai nisa, ya aiko da kakinsa in gyara masa wuya. Na dubi wuyan nan, na tuna ƙofar jirgi a buɗe, da 'yata da cikinta wata bakwai. Sai na ɗauko wata 'yar laya da kakata ta taho da ita daga Sudan, na tura cikin kwalar na bi da ɗinki. Aiki ya yi kyau, ni kaina na yaba wa kaina.

Ashe su ba a hawa jirginsu da ko allurar da ba a rubuta ba. Wajen bincike aka taɓa abu mai tauri, aka farke. Hafsansu ya tambayi yaron wa ya sa masa, ya yi shiru. Yaron kirki ba ya kama sunan surukinsa a wajen laifi, ko da kuwa a gaban hukuma ne. Aka dakatar da shi, aka ce in bai yi bayani ba shi ke nan, a cire shi daga rundunar. Ni ma bai gaya mini ba, gaisuwa kawai yake yi ya sunkuyar da kai. A bakin 'yata na ji, tana kuka.

Washegari na ɗauki gwangwanina na tafi ƙofar sansani. Na sha rana kafin a shigar da ni. Hafsan matashi ne, layar tana kan teburinsa kamar an kama ɓarawo. Na ce masa ni na ɗinka, yaron bai sani ba, shirun da ya yi kuma kunya ce irin tamu. Don ya san ba baƙo ba ne ni, na juye bajojin na jera masa su bi da bi, ina ba shi labarin kowanne. Na fari ma bai taɓa ganinsa ba. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

Ya kira ni baffa da harshensu, ya ce, "Ya ammi, tsaro na Allah ne. Bar mana waɗannan mu rataye a bango, kai kuma ka bar mana wuyan kakinmu."

Ya jefa layar a aljihun tebur, aka maido da surukina bakin aiki. Suka tafi, 'yata ta haihu, suka dawo lafiya ana saura kwana kaɗan suna, har ya yanka ragonsa da hannunsa.

Ranar sunan ina zaune cikin dattawa ana shan shayi, na gyara murya na ce, a faɗi gaskiya, layar kakata ba ta taɓa ba da kunya ba, ga shi yaro ya dawo ko ƙwarzane babu. Ban san Hajiya tana bayan labule ba.

Ta ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Teburin hafsan ma da ta tsare, har yau bai faɗo daga sama ba."