Kakana Mai Ƙidayar Tudun Ɗinya

Ku da kuka san kakana Malam Ɗanjuma kun san ba ya yi wa mai jego barka sai ya fara tambaya, "A ina aka haihu?" In aka ce a nan Tudun Ɗinya, sai ya washe baki ya je ya jefa tsakuwa ɗaya a wani tsohon tulu. In kuwa aka ce a Kwarin Gawo, garin da ke tsallaken rafinmu, sai ya ce, "To, Allah ya raya musu," da murya irin ta mai gaisuwar mutuwa.

Abin yana da tushe. Kakarmu a bayan mota ta rasu, a hanyar Malumfashi, tana kan naƙuda. Daga baya ya ji an ce in hukuma za ta gina ɗakin haihuwa, garin da ya fi mutane ake ba. Shi ke nan fa, tsoho ya ɗaura ɗamara sai mun fi Kwarin Gawo yawa.

Kar ka kuskura ka ce mana ƙauye a gabansa! Wata rana a tashar Funtua wani direba ya ce, "Baba, ina ne ma Tudun Ɗinyar nan? Kusa da Kafur?"

Ya ce, "A'a. Kafur ce kusa da mu."

Wata damina rafin ya sauya hanya, ya bar gidan Nomau, wani Bamaguje mai tulin 'ya'ya da jikoki, a ɓangarenmu. Tun laka ba ta bushe ba Kaka ya isa da goro.

"Nomau, barka da zuwa garinmu!"

"Malam, ni fa ban motsa ba."

"Ai Allah ne ya motso ka. Ku nawa ne a gidan?"

Bayan shekara biyu rafi ya koma inda yake. Aka ce to, Malam, a kwashe tsakuwoyin Nomau. Ya ce, "Kai jama'a! Yanzu maganar rafi za a bi? Abin da ba shi da hankali?"

Ni kuwa da na tashi aure sai na kwaso Sani, ɗan Kwarin Gawo. Wayyo, ranar na sha harara.

"Ke Hajara, duk samarin garin nan ba su ishe ki ba?"

Na ce, "Tsoho, kishi kake don na ƙi ka?"

"Kishin me, da wannan ƙafa taki kamar muciya? Ƙidaya za ki ɓata mini!"

Bai yarda ba sai da Sani ya yi alkawarin haihuwar fari a gidanmu zan yi, kamar yadda aka saba. Yana fita Kaka ya raɗa mini, "Ta biyu ma ki ce musu ta fari ce."

Ranar da ma'aikata suka zo duba garuruwan biyu, ya fito musu da tulu ya zazzage a tabarma. Suka bi gida-gida suka dawo, babbansu ya ce, "Baba, mutanen ba su kai duwatsun nan ba."

"Sauran sun tafi cirani Kano da Abuja."

"An ce wasu shekararsu goma sha biyar da tafiya."

"To, rani ne ya yi tsawo. Laifina ne?"

Kwarin Gawo aka ba ɗakin haihuwar. Kaka ya yi kwana uku bai fito zaure ba, ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta taka ginin nan ba. Ya ce ma a karkace yake, alhali bai gan shi ba.

Na dawo gida goyon ciki. Wata Laraba da hantsi naƙuda ta zo mini da gardama, har ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ina jin iyayena mata suna shawara ƙasa-ƙasa, kowa na tsoron bakin tsoho. Sai ga muryarsa daga ƙofa, ban taɓa jin ta haka ba: "Me kuke jira? Ku tsallaka da ita!"

A keke mai ƙafa uku aka kai ni, shi yana biye da sanda, takalmi ɗaya ya maƙale a rafi bai waiwaya ba. Bai shiga ba kam, rantsuwa rantsuwa ce. A bakin katanga ya tsaya cikin rana har azahar, har aka fito masa da jaririya.

Mai garin Kwarin Gawo, abokin tsiyarsa, ya ce, "Malam Ɗanjuma, wannan fa tamu ce, a nan aka haife ta."

Kaka bai ko kalle shi ba. Ya tambayi malamar asibiti, "Uwar fa?"

"Lafiya lau, Baba, har ta sha kunu."

Sai ya zauna a ƙasa daɓas, gemu duk hawaye. Ya ce, "Ku ƙirga ta, na bar muku. Ku ƙirga su duka biyu."

Bara ya rasu, bayan girbin dawa. Wallahi ina kewar tsohon nan. Allah ya jiƙanka Kaka, ya haɗa ka da matar da ka yi shekara arba'in kana wannan rigima saboda ita.