Rigunan Ƙwallon da Na Adana Kamar Atamfa

Mahaifinmu fataucin goro ya fara kafin ya koma tufafi. Ya ce mana ya gaji ne da kayan da ke mutuwa a hannu: ka rage wa goro ruwa ya bushe, ka cika masa ya ruɓe. Atamfa da shadda kuwa, ka naɗe su ka sa a akwatin ƙarfe, za su yi shekaru suna jiran mai saye, kuma darajarsu hawa take yi. A kan wannan ya raine mu a unguwar Zangouettin ta Wagadugu, a kansa ya riƙe rumfarsa ta kasuwa har Allah ya karɓi ransa. Ya bar mana rumfar, ni da ƙanena, da akwatunan da ya daɗe yana tarawa, da matan unguwa waɗanda ba sa sayen kayan Sallah ko na biki sai a wurinmu.

Ni karatun allo na yi, lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban daɗe a ciki ba. Ƙanena ya yi nisa, yana karanta jaridun Faransanci, kuma yana son ƙwallo kamar me. A shekarun nan ne gidajen kallo suka fara yawa a Wagadugu, samari suna cika benci don ganin wasan Turai. Akwai wata babbar ƙungiya mai jar riga da rabin samarin garin suka ɗauka tamkar ta gidansu. Ƙanena ne ya ce mu gwada kawo rigunanta, waɗanda yara ke kira mayo. Muka rataye 'yan kaɗan a bakin rumfa, kafin Juma'a ta zagayo sun ƙare.

Da na je Lome saro kaya, wani dillali ya kai ni ɗakin ajiyarsa ya nuna mini diloli na jar rigar nan, ya karya farashi ƙwarai, amma sai in na kwashe duka. Na dawo gida da shawara a raina: mu sayar da abin da ke akwatunan Baba, mu kwaso rigunan, mu ɓoye su har Sallah ta matso, lokacin da komai ke tsada. Haka Baba yake yi da atamfa.

Na faɗa wa ƙanena a rumfa, maƙwabta na zaune ana shan shayi.

Ya ce, "Yaya, ka tambayi mutumin nan me ya sa ya karya farashi?"

Na ce, "Yana son wuri ne a ɗakinsa."

"Kakar wasa ce ta kusa ƙarewa. Mutanen nan kowace shekara sai sun canza riga. Da gangan suke yi, don wanda ya saya bara ya sake saye bana. Sunan da ke ƙirjin nan ma na wani kamfani ne da ke biyansu, kuma na karanta sun kusa rabuwa. Ƙwallo suke bugawa, amma da riga suke cin abinci."

Na ɗaga guda ɗaya na nuna wa jama'a. "Ja dai ja ne. Ɗan lakwal, tun da aka haife ka ka taɓa ganin yadi ya tsufa a cikin akwati?"

Aka yi dariya. Maƙwabcinmu mai sayar da takalma ya ce masa da Mosanci ya koma ya karanta jaridarsa, ya bar manya da kasuwa. Ƙanena ya ajiye kofinsa, ya ce, "To, Yaya. Kai ne babba." Shi da kansa ya taya ni fito da akwatunan.

Muka sayar da kayan, na koma Lome na kwaso dilolin. Na adana rigunan yadda aka koya mini, a naɗe, nesa da danshi da rana. Samari na zuwa tambaya ina cewa sun ƙare, ina jiran lokaci. Da azumi ya raba tsakiya na buɗe dila na farko, na cika gaban rumfa da ja.

Wanda ya fara tsayawa wani saurayi ne daga unguwar Wemtenga a kan ƙaramin babur ɗin nan, mobilet. Ko sauka bai yi ba.

"Alhaji, wannan ai ta bara ce."

"Ɗinkin ne ya kwance, ko launin ya koɗe?"

"Ba haka ba ne. Ta bana wuyanta fari ne, rubutun ƙirji ma daban. Shi kuma wanda sunansa ke bayan nan, ai an sayar da shi."

"An sayar da wa? Mutum?"

Ya yi dariya, ya ce yanzu haka yana buga wa abokan gaba. "In na shiga gidan kallo da wannan, sai sun kore ni da tsiya."

Haka aka yi ta yi. Su taɓa, su juya baya su ga sunan, su ajiye. Rigunan lafiyarsu ƙalau, ko zare ɗaya bai fita ba, amma waɗanda suka yi su sun riga sun kashe su daga can nesa.

Abin da ya fi ciwo shi ne matan unguwa. Wata tsohuwa da ta yi shekaru tana saye a hannun Baba ta zo neman atamfar jikokinta. Ta tsaya ta dubi rumfar sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, ina kayan mahaifinka?" Na ce suna hanya. Ta ce Allah ya kawo su lafiya, ta wuce layin gaba. Sauran ma can suka bi, kuma wanda ya saba da wata rumfa ba ya dawowa don an kira shi.

Ƙanena ya yi iya ƙoƙarinsa. Yana ɗaure rigunan a bayan keke yana kai su kasuwannin ƙauye, inda manoma ke saye don ƙarfin yadin, ba ruwansu da sunan da ke baya. Abin da yake dawowa da shi bai isa ya mayar da ko akwati ɗaya na shadda ba. Kafin wata Sallar, dole ta sa muka bar wa mai takalman rumfar.

Ranar da za mu miƙa makulli, muna share wurin, na ce masa, "Ka faɗa mini a gaban mutane, ni kuma na sa aka yi maka dariya."

Ya ci gaba da shara. Can ya ce, "Ni na fara kawo su, Yaya."

Ya sami aiki a wani kanti a Tampouy, ya koma can da iyalinsa, ni kuma na shiga dillancin kayan wasu. Har yau muna zumunci, yana zuwa ina zuwa, amma ba mu sake haɗa sana'a ba, kuma babu ɗaya cikin 'ya'yanmu da ya gaji sayar da tufafi.