Karsanar da Ba a Kaɗo wa Ɗana Ba

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida, cikina ya tsufa, wani abokin aikin mijina ya iso Babban Duhu a kan babur ya ce motarsu ta kife a hanyar Batsari, kuma mai gidana ya cika kafin a kai shi asibiti. A lokacin ni yarinya ce 'yar Wagini, da ɗan karatun firamare, ina aure a gidan makiyaya masu noma. Mijina shi kaɗai ya bar kiwo a gidansu, ya zama direban kamfanin da ke shimfiɗa kwalta a shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ya biyo. A haihuwata ta biyu na zubar da jini har aka fitar da rai da ni. Tsoro ya kama mai gidana, likitan kamfaninsu ya ba shi shawara, aka yi masa ɗan aikin da ake yanke hanyar maniyyi don kada ya sake ba da ciki. Da wansa ya matsa masa da tambayar me ya tsayar da haihuwa, ya gaya masa gaskiya. Kafin kasuwa ta zagayo kowa ya ji. A wurin shayar da shanu samari na tambayarsa yaushe za a ɗaura masa garma, tunda an fiɗiye shi. Yakan yi dariya, amma ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Daga baya ƙyanda ta shigo garin ta ɗauke mana yaran biyu a damina ɗaya. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Ni na roƙe shi ya nemi ko akwai gyara. Ya samu labarin wani likita baƙo a babban asibitin birni da ke iya sake haɗa abin da aka yanke, ko da yake ya ce masa ba kowa ake dacewa a kansa ba. Mai gidana ya ce ba zai sake zama abin ba'a ba, don haka aka gaya wa mutanen gida aikin ƙaba ya je. Na yarda na yi shiru. Aka yi aikin, bayan shekara da wani abu na samu ciki.

Tun daga nan gida ya sauya. Wan mijina, wanda nake kira Yaya, ya rage gaisuwarsa zuwa kalma biyu. Matan gida suka fara lura da wanda ya yi sallama a ƙofarmu, har mai kolin da ke zuwa da jaki ya daina tsayawa. Na ce wa mai gidana ya yi magana. Ya ce in bari sai ranar suna, zai tashi gaban kowa da ɗansa a hannu ya faɗa. Bai kai ranar ba.

Ina cikin takaba na haifi namiji. Na kira Yaya na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi tun yana yaro yake dandaƙe bijimai da hannunsa, bai taɓa ganin wanda ya koma ya hau saniya ba, kuma in Nasara ya iya wannan to ya zo ya gwada a garkensa. Na ce aikin mutum ba irin na bijimi ba ne, ba a cire komai ba, hanya ce aka toshe aka buɗe. Ya tambaye ni wa zai shaida. Likitan ya koma ƙasarsu, wanda aka yi wa aikin yana kabari. Har yau ban sani ba ko Yaya bai yarda ba ne da gaske, ko kuwa ya duba cewa ɗa namiji zai shiga rabon shanun ƙanensa. Allah ya yafe mini in na zarge shi a banza.

Liman ya ce ɗan da aka haifa a ɗakin aure na mai auren ne, aka yanka rago, aka ba shi gadonsa. Amma a gidan akwai al'ada, duk jikan da aka haifa, kakansa yakan sa a kaɗo masa karsana ranar suna, ta zama tushen dukiyarsa. An kaɗo wa yarana biyu da suka rasu. Ranar sunan wannan, surukina ya zauna a kan buzunsa, idonsa a ƙasa, ba wanda ya nufi garke.

Abin da na koya shi ne, kunyar da muka guje wa ta 'yan watanni ce, wadda muka jawo kuwa ta bi yaron da bai san komai ba. Duk wanda zai yi irin wannan aiki, ko yankewar ko gyaran, ya tafi da babba ɗaya daga danginsa ya ji daga bakin likita, kuma kada ya ajiye magana sai wata rana. Ɗana ya girma, yana da tafiyar ubansa da wushiryarsa. Kakan ya rasu bai ce komai ba. Yaya yana nan da ransa, kuma har yau ba a kaɗo karsanar ba.