Igiyar Shanyar Inna

Da idanun Inna suka daina gani, igiyar shanya ce ta zama jagorarta. Daga ƙofar ɗakinta ta taso, ta ratsa tsakar gidanmu na Gawon Nama har bakin banɗaki. Inna ta kama ta da hagu, buta a dama, ta je ta dawo ba ta nemi kowa ba. Ni da nake zaune da ita, aikina kawai kada in bar turmi a hanya.

Sai ga yayanmu daga Abuja, wai ya zo gyara wa tsohuwa gida. Mutumin da rabonsa da kwana a gidan tun yana da gashi a ka! Ya tsaya yana taɓe baki, wai abokansa za su zo dubiya su tarar da uwarsa tana bin igiya kamar akuya. Ya sa aka tsinke ta, aka shimfiɗa farin tayil mai sheƙi tun daga ɗaki har banɗaki. Na ce masa ruwan alwala zai zuba a kai. Ya ce, "Ke mi kinka sani?"

Abokan suka zo suka yi ta sa masa albarka, shi kuwa baki har kunne. Ko takalmi bai cire ba, balle ya taka tayil ɗin da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ya ɗauki hoto, ya koma inda ya fito.

Sau ɗaya santsi ya kwashi Inna, ta dafa bango tana salati. Daga nan na ga fura na kwana a kwano, ruwan randa ba ya raguwa, ga shi ana tsakiyar bazara. Leɓenta duk ya tsattsage.

Na ce, "Inna, mi ya hana ki shan ruwa?"

"In na sha, dole in fita. Ƙasag ga ba ta riƙon ƙafa, kuma ban son ɗiyata ta kai ni bayan gida awa jinjira."

Ranar duk girman yayanmu ya zube a idona, har yau bai tashi ba. Na kira magini ya ɓamɓare tayil ɗin hanyarta, ya shafe da siminti mai kaushi, na ɗaura sabuwar igiya. Da labari ya kai Abuja, yayanmu ya bugo waya yana kumfar baki wai na ɓata masa aiki. Na ajiye wayar a kan turmi ya ƙarasa da shi.

Da simintin ya bushe, Inna ta laluba ta kama igiyar, ta je ta dawo, ta zauna a kan tabarma.

Ta ce, "Ɗebo min ruwa. Ki cika moɗar."