Albasar Alhaji a Salaga

Tarihi na karanta a jami'a, kuma har yau idan na faɗi haka a kasuwar doya sai an yi dariya. Ni ma nakan taya su. Ran da na dawo Salaga da takardar digiri, Inna ta juya ta gaba da baya, ta ce, "To, yanzu wane ofis za su ba ka?" Na ce tukuna dai. Ta ce, "Ɗan maƙwabta ya karanta haɗa magani, ga shi da shago a Tamale. Kai ka je ka karanto labarin mutanen da suka mutu!"

A shekarar ƙarshe ta karatu an ce kowa ya yi bincike, ni kuwa na zaɓi tsohuwar hanyar fataken goro. Na ari rakoda, na bi Salaga da Yendi da Bawku gida gida, ina zama gaban tsofaffi suna ba ni labarin wanda ya sauka a gidan wa. A Bawku na shiga zauren wani Alhaji mai fataucin albasa, 'yarsa ta kawo mini ruwa, daga nan binciken ya ɗan karkace.

Ita nake so, ba na ɓoyewa. Amma lokacin tsakiyar shekarun tamanin ne, aikin gwamnati ya yi wuya, ina gida ba abin yi. Kawuna ya je neman aure, Alhaji ya ce, "Yaron yana da ladabi. Amma tarihi ana tuƙa tuwo da shi ne? Ya nemo sana'a tukuna." Ita kuma ta aiko mini cewa za ta jira, sai dai ba za ta taka ƙofar gida ba sai da albarkar mahaifinta. Kai, na ji haushi! Kwana da kwanaki ko gaisuwar kirki ba na amsawa.

Sai ga farkon damina, lorin Alhaji cike da albasa ta lalace a bakin Salaga, a hanyarta ta zuwa Kumasi, shi ma yana ciki. Hadari na haɗuwa, albasa kuwa ba ta shiri da ruwa. Fataken namu suna da wata al'ada: ba ka sauke kaya a gidan da babu amana tsakanin kakanninku da nasu. Mai masaukin Alhaji ya rasu, 'ya'yansa sun kulle gida sun koma Kudu. Mutane suka yi ta ba shi ɗakunan ajiya, ya kafe, wai shi ba zai kai dukiyarsa gidan da bai san asalinsa ba. Taurin kai dai irin na tsofaffinmu.

Da labari ya iso ni, na je da gudu, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ai kuna da wani gida a garin nan."

Ya harare ni. "Ni za ka gaya wa gidajenmu?"

Na ce kafin kakansa ya koma wancan masauki, a unguwar bayan masallaci yake sauka, kuma 'yar mai gidan tana raye, ita da bakinta ta faɗa mini lokacin bincikena. Bai yarda ba, amma ya biyo ni, yana tafe yana duban sama.

Muka tarar da tsohuwar tana ɓare gyaɗa. Ban gama bayani ba ta ɗago ta ƙura masa ido, ta ce, "Wannan goshin na san shi. Jikan mai jakuna ne, wanda ba ya cin tuwo sai da yaji a aljihu!" Ta kama yi wa kakan nasa kirari, ta faɗi ɗakin da yake kwana, har da jakin da ya taɓa cinye mata zane a kan igiya. Alhaji ya yi dariya har hawaye, daga baya na lura hawayen ba na dariya kaɗai ba ne. Ta sa jikokinta suka buɗe ɗakunan, aka fara jidar buhuna.

Daga ranar nan fatake suka riƙa nemana. Mai doya zai je Bawku, wurin wa zai sauka? Mai gero daga Yendi, wane gida ne nasu a Salaga? Ni ke haɗa su, a hankali na zama dillali, kuma ita ce sana'ata har gobe.

Amma a ranar ban san da wannan ba. Ina ɗauke da buhu a ka, ina warin albasa, ruwa ya fara sauka, Alhaji ya kira ni daga zaure.

"Malam mai tarihi, ajiye buhun nan. Surukina ba ya dako. Ka ce wa kawunka ina jiransa ranar Juma'a."

Na ajiye buhun a tsakiyar ruwan, sai da tsohuwar ta daka mini tsawa na koma na ɗauke shi.