Baba Ilu, Badukun da Ya Hana Ni Takalmin Innata

Ina bakin aikin bulo a Bacirawa, siminti har gwiwar hannu, ƙanena ya bugo waya ya ce Baba Ilu baduku ya rasu bayan sallar asuba, ƙarfe goma za a kai shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na jingine shebur. Mai aikin ya tambaye ni wa ya rasu, na ce mai gyaran takalmin garinmu. Ya ce, "Au, na ɗauka wani babba ne." Duk wanda ya san ni ya san abin da bakina kan yi a irin wannan wuri. Ranar ban ce masa komai ba, na fita titi neman mota.

Amma zan faɗa a nan. Babba ne.

Shekara da shekaru yana zaune gindin darbejiyar bakin kasuwa, da wuƙarsa da basilla da tulin tsofaffin tayoyi, yana yanka wa manoma takalmi. Bai taɓa tambayar kowa lambar ƙafarsa ba. Sai ya sa ka tsoma ƙafa a ruwa ka taka kwali, ya duƙa yana duban sawun kamar mai karatu. Yakan ce, "Lamba ta kamfani ce, ƙafa ta Allah ce." Daga cin dunduniyar takalmi yake gane wanda ya taɓa targaɗe a idon sawu, da wanda tafin ƙafarsa ya baje ba kwari a tsakiya.

Ni a firamare na tsaya. Sauran karatun da kaina na koya, a tsofaffin littattafan da ake zubewa bakin titi a birni, kuma na yarda ya sa mini girman kai. Wata rana na je masa da littafi mai zanen ƙasusuwa. Na ce, "Baba, ka san ƙashi nawa ne a ƙafa ɗaya?"

Ya ce, "Sanar da ni, Malam Littafi."

"Ashirin da shida."

"Masha Allah. To wanne ne yake maka ciwo in ka wuni kana huɗa?"

Ya kamo ƙafata, ya matsa agarata, jijiyar nan mai kauri da ta sauko daga sha-raɓa ta kama dunduniya, sai da na yi ƙara. Ya ce ba ƙashi ba ne, wannan ce. Sannan ya nuna mini wuri uku da ƙafa ke taka ƙasa da su: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. "Kamar murhu," in ji shi, "in dutse ɗaya ya zame, tukunya ta karkace har ƙugu." Na koma gida na bincika littafin da niyyar in kama shi da kuskure. Ban kama shi ba.

Damina uku da suka wuce Inna ta ba ni takalminta na roba in kai masa, maɗaurin ya tsinke. Ya karɓa, ya zura hannu ciki yadda ya saba, sai na ga ya zare da sauri. Ya juya takalmin a rana, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Tsohuwarka ɗingishi take yi?" Na ce lafiyarta ƙalau, jiya ma ta je ciro rama. Ya tura takalmin ƙarƙashin buhun da yake zaune a kai, ya ce ba zai ba ni ba sai an ga ƙafarta.

Allah Ya yafe mini abin da na faɗa masa a gaban jama'ar kasuwa. Na ce tun yaushe baduku ya zama likita? Na ce ƙafar uwata ba hajar kasuwa ba ce da namiji zai ce a kawo masa ya duba. Na faɗi wasu da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ka huce? To ba ni zan duba ba, Asabe za ta je." Ya ciro takalmin ya nuna mini. Tsinin ƙusa ne ya huda ta ƙasa ya fito ciki, ga busasshen jini ya zagaye shi. Ya ce, "Wanda ya taka wannan sau ɗaya sai ya yi tsalle. Ita ta yi kwanaki a kansa ba ta ji ba. Wannan ne ya tsorata ni, ba ƙusar ba."

Da la'asar Gwaggo Asabe, matarsa, ta shigo gidanmu. Inna tana dariya tana cewa, "Ni da ba abin da ke mini ciwo." Aka ɗaga ƙafar. Rami ne a gindin babban yatsa, bakinsa ya yi fari, har ya soma wari. Washegari muka tafi asibiti a birni. Suka ce ciwon suga ne ya kashe jijiyoyin ji na ƙafarta, gyambon ya yi zurfi amma bai kai ƙashi ba. Ma'aikaciyar da ke wanke shi ta ce da ya kai, da maganar yanke ƙafa ake. Na fita na zauna a kan dakali.

Da gyambon ya warke, shi ya yi mata takalmi, mai faɗi ta gaba, da soso a ciki, ya rarake daidai wurin tabon don kada nauyi ya sauka a kai. Babu ƙusa ko ɗaya, ɗinki ne zalla. Ya ce mini, "Kullum kafin ta sa ƙafa, kai ka fara sa hannu. Hannunka ne jijiyarta yanzu." Har yau ina yi, in ba na nan ƙanwata ta yi.

Na je ba shi haƙuri, na shirya dogon jawabi. Bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Don uwarka ka yi zagin. Ban karɓa ba tun farko, me zan yafe? Miƙo mini zaren can."

Ranar uku da rasuwarsa Inna ta ce za ta je gaisuwa. Gidansu yana can bayan fadama, hanyar duk kunya-kunyar gero. Na kira mai babur, ta ce in sallame shi. "Ƙafar da ya bar mini," ta ce, "da ita zan je." Na bi ta a baya, muna tafe a hankali, har ƙofar ɗakin Gwaggo Asabe.

Ya Allah, bawanka Iliyasu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tabbatar da dugadugansa ranar da ƙafafu ke zamewa a kan siraɗi. Duk takun da Inna ta yi zuwa alwala da ƙafarta, Ka rubuta masa ladansa. Ka ba Gwaggo Asabe da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, Ka rufa musu asiri a bayansa. Mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.