Yadda Aka Kulle Firjin Ƙanƙara

Ɗan kawuna, wanda duk dangi ke kira Ƙanƙara, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin sanyi na wani kamfanin kifi, yana jera kwalaye. Ya daɗe a ciki har ina zargin jininsa ya daskare. Da ya bar aiki ya dawo cikin mutane, sai zafi ya zame masa abokin gaba. Ko hoton rana ya gani a kalanda sai ya jiƙe da gumi.

Maganin da ya samo shi ne ya wangale ƙofar firjinsa, ya jawo kujera, ya zura ƙafafu kusa da gorar ruwa. Haka yake wuni. In na shiga na ce, "Angon firji, ya amarya?" sai ya jefe ni da takalmi, takalmin ma da sanyinsa.

To gidan hayar da yake ciki, wutar sola ce ta haɗaka, batir ɗaya ga kowa. A ɗakin da ke kallon nasa akwai Maman Biyu, wadda ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi injin ƙyanƙyasa, ta cika shi da ƙwai. In injin ya huce ƙwai sun lalace, ita kuma ba ta da wani abin dogaro. Kullum kafin la'asar sai batir ya fara kukan ƙarewar caji, ita ma ta fara nata.

Aka tara 'yan haya a tsakar gida, ni ma na je kallo. Ƙanƙara ya ce firjinsa ne, ƙafarsa ce, kasonsa na wuta yana biya kamar kowa, kuma bai taɓa ƙwan kowa ba. Malamin makarantar da ke ɗakin bakin ƙofa ya yi bayani cewa firji a buɗe ba ya hutawa, sannan zafin da yake fitarwa ta baya ya fi sanyin da yake bayarwa ta gaba. Wato ɗakin ma ƙara zafi yake. Ƙanƙara ya ce to ashe shi aka cuta, don me shi ake tuhuma? Ni ma a nan kaina ya kulle.

Maman Biyu ta ce, "Yaya, ban ce ka taɓa su ba. Amma ƙafarka na can, su suna nan suna mutuwa."

Sai aka shiga tone-tone. Wani ya ce Malam har safa yake gogewa. Malam ya ce talabijin ɗin mai maganar wuni take tana yi wa bango hira. Kowa da tasa ɓarnar, sai dai ta Ƙanƙara ce ake hangowa ta taga. Aka yanke a kulle firjin, makulli ya zauna hannun Maman Biyu har ƙwai su fashe.

Na ga mutum da furfurarsa yana sallama a ƙofar maƙwabciya don ya sha ruwansa, na ce wallahi an danne shi. Na leƙa na ga baiwar Allah durƙushe gaban inji tana addu'a, na ce a'a, daidai aka yi. Har na isa gida ban tsaya wuri ɗaya ba.

Ƙwai suka fashe lafiya. Ashe 'yan tsaki sai da fitila mai zafi a kansu ba kashewa, batir ya koma kukansa. Ƙanƙara ya tare ni ya ce, "Taubashi, kai da ka ɗan leƙa aji, gaya mini. Zafinta aiki ne, sanyina ɓarna?" Na ce ai nata kaji zai zama. Ya ce nasa ma barci yake zama.

Maman Biyu ta maido masa makulli, ta haɗa masa da 'yan tsaki a kwali don godiya. Yanzu in ya buɗe firji suna rawar ɗari, in ya rufe shi yana narkewa. Jiya na same shi firji a rufe, makulli a aljihunsa, ya kunna musu fitila, yana fifita da murfin tukunya. Ya dube ni ya tambaya wa ya hana shi wannan karon.